Babi na Uku: Kiɗan da Aka Sha a Nono

Me ya sa dattijo zai manta inda ya ajiye carbinsa da safe, ya manta sunan jikan da aka raɗa wa suna makon jiya, amma da zarar an ɗauko waƙar da ya ji yana ɗan shekara bakwai sai ya gyara zama, ya karɓe ta daga bakinka, ya kai ta har ƙarshe ba gargada? Me ya sa mutum zai yi shekara talatin a Legas ko Jidda, amma ranar da ya ji an taɓa kalangu sai tsigar jikinsa ta tashi, ƙafarsa ta fara motsi tun bai ba ta izini ba?

In ka tambayi mutanenmu, amsar a taƙaice take: “Ai a nono ya sha.” Maganar ta fi yadda ake ɗaukarta nauyi, kuma ita za mu bi daki-daki a wannan babi. Za mu bi ta ne ta ƙasar Karaye da Rogo, can yammacin Kano inda iyaka ta haɗu da ta Katsina da ta Zazzau. Dalilina biyu ne. A can na yi wayo, kuma a can aka haifi wata mata wadda labarinta ya isa shaida a kan wannan tambaya.

Tsohuwar Karo

Wajen shekarar 1877 aka haifi Baba a Karo, wani ɗan ƙauye kusa da Zarewa, garin da yau yake cikin ƙaramar hukumar Rogo. Asalin zuriyarsu Barebari ne, mahaifinta kuwa manomi ne kuma malamin allo. Ta tashi a zamanin da mahara ke kama mutane a gona, ta kuma ga zuwan Turawa da idonta. Daga ƙarshen 1949 zuwa farkon 1950, tana zaune a Giwa ta ƙasar Zazzau, shekarunta sun haura saba’in, ta riƙa zama da wata Baturiyar Ingila mai suna Mary Smith tana ba ta labarin rayuwarta da Hausa. Baba ta rasu a 1951. Littafin ya fito da Ingilishi a 1954 da sunan Baba of Karo, daga baya kuma aka buga shi da harshen da ta yi maganar.

Baba ba zabiya ba ce, ba ta kuma ci abinci da waƙa ba. Matar aure ce irin sauran matan karkara. Amma duk wanda ya karanta labarinta zai lura da abu ɗaya: waƙa ba ta nisa da bakinta. In ta zo kan wasan ’yan mata, sai ta kawo waƙarsa. In ta zo kan biki da kai amarya, ga waƙoƙinsu. Haka in ta zo kan bori, haka in ta zo kan abin da ganga ke faɗi ranar taro. Wasu daga cikin waɗannan ta ji su ne tana yarinya a Karo da Zarewa, shekara sittin kafin ranar da take rera su a Giwa.

A tuna, lokacin yarintarta babu rediyo, babu faifan garmaho a ƙauye, ita kuma ba ta rubuta ko baiti ɗaya ta adana ba. To a ina ta ajiye su har tsawon wannan lokaci? Kafin mu san inda aka ajiye, sai mu fara sanin ta ƙofar da suka shiga.

Makarantar farko: bayan uwa

Likitoci sun tabbatar cewa jariri yana fara jin sauti tun yana ciki, a watanni ukun ƙarshe, kuma in ya faɗo yana bambance muryar uwarsa da ta sauran mutane. Iyayenmu sun san kunne ne ƙofar da ta fara buɗewa, shi ya sa ake yi wa jariri kiran salla a kunne tun bai buɗe ido sosai ba.

Daga nan sai goyo. Ɗan Bahaushe a bayan uwarsa yake yini, ƙirjinsa manne da gadon bayanta, duk motsin da ta yi da shi ta yi. Ka tuna da lugude. Mata biyu ko uku sun kewaye turmi ɗaya ana surfen dawa. Wannan ta sauke taɓarya, kafin ta ɗaga waccan ta sauke tata, babu mai karo da wata. Can in aiki ya yi daɗi sai ɗaya ta cilla taɓaryar sama, ta tafa hannu sau ɗaya ko sau biyu, ta cafe ta, ta buga gefen turmi da ita, sautin ya canza. Jaririn da ke baya ba da kunne kaɗai yake jin wannan ba. Kowane bugu yana ratsa kafaɗar uwa ya sauka a jikinsa. Kafin ya iya cewa “Inna”, jikinsa ya san inda bugu ke faɗuwa da inda ake jira.

Haka abin yake a bakin dutsen niƙa da asuba, inda mace ke rera abin da ke ranta tana tura ɗan dutse, wani lokaci yabo, wani lokaci habaici ga kishiya ko uwar miji. Haka wajen rarrashi, in ’yar raino tana jijjiga ƙaninta tana yi masa waƙa har barci ya ɗauke shi. Babu wanda ya ce yana koyar da kiɗa a nan. Aiki ake yi, kiɗan yana cikin aikin kamar yadda gishiri yake cikin miya.

Gangar da take jin Hausa

Akwai ƙofa ta biyu, kuma a cikin harshenmu take. Hausa harshe ne mai hawa da saukar murya. Ɗauki kalmar “kuka”. In ka ɗaga murya a gaɓoɓin biyu, hawaye kake nufi. In ka ɗaga ta farko ka sauke ta biyu, bishiya ce mai ba da miya. Kalmar “baba” ma haka: da karin murya ake gane ko uba ake nufi, ko uwa, ko kuwa shukar da ake rini da ita. Ke nan yaron da ke koyon Hausa dole ne ya kasa kunne ga tashin murya da faɗuwarta, in ba haka ba ma’ana ta kuɓuce masa. Tun yana koyon magana yake horar da kunnen da zai ji kiɗa da shi.

Kalangu kuwa wannan hawa da sauka yake kwaikwaya. Itace ne da aka fafe, bakinsa biyu masu faɗi, ƙugunsa siriri, an rufe kowane baki da fata, an haɗa su da igiyoyin fata daga wannan baki zuwa wancan. Makaɗi ya rataya shi a hammata. In ya matse igiyoyin fatar ta ɗame, murya ta hau. In ya sassauta, ta sauka. Da haka yake fitar da jimla sukutum, wanda ya saba kuma ya ji abin da aka ce kamar da baki aka faɗa. Wannan shi ne take.

A garuruwanmu kowace sana’a da kiɗanta. Kalangu na mahauta ne tun asali, kuma in ka ji shi daren jajibirin kasuwa ka san gobe akwai nama. Dundufa ta maƙera ce. Gangar noma ta manoma ce. Tambari da kakaki da algaita na fada ne, in ka ji su ka san Sarki ya fito. Shantu da ƙwarya na mata ne a cikin gida. Yaron Karaye ko Zarewa, yana kwance a ɗaki, zai gaya maka abin da ke faruwa a gari daga irin sautin da iska ta kawo masa. A wurinsa kiɗa labari ne, kuma mutum ba ya manta harshen da aka fara ba shi labari da shi.

Dandali ba shi da ɗan kallo

Da yaro ya fara tafiya da ƙafarsa sai dandali ya karɓe shi. Daren farin wata, bayan an ci tuwo, ’yan mata su yi da’ira su fara gaɗa. Ɗaya tana bayarwa, saura suna amshi, tafi yana tafiya a tare. Mai rawa ta shiga tsakiya, ta juya, ta saki jiki ta faɗa baya, ƙawayenta su tare ta su cilla ta sama. In tafinki ya saɓa da na saura, nan take za a gane, ke ma za ki gyara. Babu allo, babu bulala, amma horon ya fi na aji kama jiki.

Mu maza kuma lokacinmu shi ne tashe, in azumi ya kai kwana goma. Ina iya tuna gangata ta farko. Gwangwanin madara ne na cire masa baki, na roƙi guntuwar fatar akuya wajen wani baduku a unguwarmu. Ya ce in jiƙa ta ta kwana, in ja ta da ƙarfi a bakin gwangwanin tun tana da laushi, in ɗaure, in shanya a rana kada in taɓa. Kwana biyu ina zagaya ta kamar kaza da ƙwai. Ranar da ta bushe na sa ɗan kara na buga, ta amsa da wata siririyar murya, sai na ji kamar an ba ni kyautar doki. Da ita muka bi gida-gida muna tashe, ana ba mu hatsi da ’yan kwabbai. Da kaka kuma, in an yanke dawa, sai mu fafe kara mu yi sarewa.

A gona ma haka. Ranar gayya makaɗi yana bin bayan manoma da gangar noma, yana kiran kowa da takensa, yana zuga wanda ya yi gaba, yana zungurar wanda aka bari a baya. Yaran da suka kawo fura da ruwa suna gefe suna ji, suna ganin yadda mutumin da ya gaji yake miƙewa in an kira sunan kakansa a ganga.

Abin lura a duk waɗannan wurare shi ne babu wanda ya zo kallo kawai. Wanda ba ya bayarwa yana amshi, wanda ba ya amshi yana tafi, wanda ba ya tafi yana rawa. Waƙar da ka sa hannunka da ƙafarka da muryarka a cikinta ta zama taka.

“A yi kiɗa, amma ban da ɗana”

Duk da haka akwai wani ƙulli a al’adarmu. Bahaushe yana son kiɗa, yana yi wa makaɗi kyautar riga da doki, amma in ba gidan makaɗa ba ne, da wuya uba ya so ɗansa ya zama maroƙi. Shi ya sa ake raba makaɗa gida biyu, na gado da na haye.

Alhaji Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, ɗan gado ne. Mahaifinsa makaɗin noma ne a ƙasar Bakura, kuma tun yana ƙaramin yaro yake bin sa yana amshi. Ɗanmaraya Jos, da aka haifa a Bukuru a 1946, shi ma mahaifinsa makaɗin Sarkin garin ne. Iyayensa suka rasu yana ƙarami, Sarkin ya riƙe shi, ya tashi ya rungumi kuntigi har ƙarshen rayuwarsa a 2015.

Alhaji Mamman Shata kuwa haye ya yi. An haife shi a Musawa a 1923, mahaifinsa Ibrahim Yaro bai so ya yi waƙa ba, don a ganinsa roƙo ne. Yaron ya yi tallan goro, ya yi na alewa, amma a wajen tallan ma waƙa yake yi, da dare kuma yana dandali. Daga baya ya zauna a Bakori, ya zauna a Funtuwa, garuruwan da mutanen Rogo da Karaye ba baƙi ba ne a kasuwanninsu. Abin da aka so a raba shi da shi yana yaro, shi ne ya sa Jami’ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988, kuma bai ajiye shi ba har ya koma ga Mahaliccinsa a 1999. A Funtuwar nan dai aka haifi Hajiya Barmani Coge, wadda ta ɗauki kiɗan ƙwarya na matan cikin gida ta fito da shi gaban duniya, ta riƙe shi har rasuwarta a 2013.

Malamai sun yi saɓani a kan kayan kiɗa, kuma wannan littafi ba na fatawa ba ne. Amma ko a gidan da ba a yarda ganga ta shiga ba, yaro yana tashi da rauji a kunnensa. Yana jin Ishiriniya a watan Mauludi, yana rera waƙoƙin Islamiyya. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da ’yarsa Nana Asma’u sun zuba wa’azi da karantarwa a cikin waƙa, domin sun san abin da aka rera ya fi abin da aka faɗa zama a zuciya.

Makaɗi ɗaya ne a cikin dubu. Sauran, irin su Baba, masu kunne ne. Amma ba don su ba, wa makaɗin zai yi wa?

Akwatin da ya kawo Shata gona

A 1962 aka buɗe gidan rediyon Kaduna, kuma a hankali akwatin rediyo mai batir ya shiga ƙauyukanmu. Manomi ya rataye shi a reshen ɗorawa yana noma, mai shayi ya ajiye shi kusa da tukunya, yara su kewaye. Ta nan muka san muryar Narambaɗa da ta Ɗan Anace da gurmin Haruna Uji, mutanen da ba mu taɓa gani ba. Ana jiran shirin zaɓen waƙoƙi kamar yadda ake jiran baƙo, in aka karanto sunan garinmu a gaisuwa sai a yi mako ana zancen.

Sai kaset ya zo. Wanda ya yi zamanin ya san yadda ake zura biro a ramin kaset ana juya shi da hannu don kada batir ya ƙare. Kaset ɗaya zai zagaya unguwa har zarensa ya tsinke a liƙe shi. Ƙarancin ma ya taimaka: waƙa goma gare ka, ka ji kowace sau ɗari, kuma a cikin jama’a ka ji ta, wani yana fassara habaicin, wani yana gardamar wanda aka yi wa.

Me ya sa ba ta gogewa?

Yanzu za mu iya komawa kan tambayarmu. Dubi maginiyar tukwane. Zanen da ta yi a wuyan tulu tun yumɓu yana ɗanye, in aka gasa ya zauna ke nan, sai dai tulun ya fashe. Wanda aka yi da alli bayan an gasa kuwa, ruwan farko zai wanke shi. Waƙar yarinta zanen ɗanyen yumɓu ce.

Abu uku ne suka gasa ta. Na farko maimaici, domin yaro ba ya gajiya da jin abu ɗaya. Na biyu jiki, domin ya tafa ta, ya taka ta, kuma abin da jiki ya koya, kamar hawan keke ko iyo, ba ya bukatar a tuna shi kafin a yi. Na uku mutane. Waƙar ba ita kaɗai ta shiga ba. Ta shiga da ƙamshin hayaƙin murhu, da hasken wata, da fuskar wadda ta rera ta. In ta dawo, tare suke dawowa.

Likitocin ƙwaƙwalwa sun daɗe da lura cewa tsofaffi masu ciwon mantuwa, waɗanda ba sa gane ’ya’yansu, sukan rera waƙoƙin ƙuruciyarsu daidai. Wani likita mai suna Oliver Sacks ya kawo labaran irin waɗannan marasa lafiya a littafinsa Musicophilia na 2007. Ni kuwa a ɗakin kakata na gani. A shekarunta na ƙarshe takan dube ni ta ce, “Yaro, ɗan gidan wa ne kai?” Wata rana da yamma gwaggona tana tsefe mata kai, sai ta fara wata tsohuwar waƙar gaɗa a hankali. Hannuwan tsohuwa da ke kan cinya suka ɗaga, suka fara tafi, kuma tafin bai saɓa ba ko sau ɗaya. Ta karɓi amshi, ta ƙara wasu baitoci da ko gwaggo ba ta sani ba, ta ambaci sunayen ƙawayenta da suka daɗe a ƙasa. Da ta gama ta juyo ta dube ni, ta ce, “Maigidana, yaushe ka zo? An ba ka ruwa?” Na ce, “Yanzu na zo, Iya.” Rabon da ta kira ni da wannan suna an fi shekara.

Me za mu bar wa na baya?

Ƙasar Karaye da Rogo ta canza. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Challawa a 1992, noman rani da kamun kifi suka ƙaru. Injin niƙa ya karɓi aikin dutse, ya rage na turmi. Gayya ta ja baya. A gidan biki lasifika ta kan maye gurbin masu kalangu da masu shantu. Ranar kasuwa matashi zai miƙa wayarsa a tura masa waƙa ɗari a ɗan lokaci, na fina-finan Kano da na Indiya da na Kudu.

Yaron yau yana jin waƙa a mako ɗaya fiye da wadda Baba ta ji a shekara, kuma a cikin waƙoƙin zamani akwai masu ma’ana da daɗi. Abin da ke damuna shi ne yawanci shi kaɗai yake ji, abin sauraro toshe a kunne, hannunsa ba ya tafi, bakinsa ba ya amshi. Ina tsoron kada ya tsufa da waƙa dubu a waya, babu ko ɗaya a jikinsa.

Maganin ba mai tsada ba ne. Uwa ta rera wa ɗanta da bakinta, ko muryar ba ta da zaƙi, domin a kunnensa babu wadda ta fi ta. A bar yara su yi gaɗa da tashe a inda idon manya yake. Malaman firamare da na Islamiyya su riƙa sa yara rerawa tare. Wanda kuma Allah ya bar masa kaka ko gwaggo mai tsofaffin waƙoƙi, ya zauna kusa da ita, ya kunna wayar nan ya ɗauki muryarta, ya kuma koyi amshin. Baba ta samu wadda ta zauna ta saurare ta, shi ya sa muke jin Karo har yau. Tsofaffi nawa ne a Zarewa da Yammedi da Fulatan suke jiran wanda zai tambaye su?

Mun ga yadda son kiɗa yake shiga mai saurare. Saura mu ga yadda yake zama sana’a. A babi na gaba za mu shiga gidan makaɗan gado, mu zauna tare da yaron da aka fara miƙa wa ’yar ƙaramar gangar nan, kuntukuru, mu bi shi daga ranar da ya fara riƙe bugu ɗaya tak a bayan mahaifinsa har ranar da za a rataya masa kalangu a ce ya ja gaba.